Allon da na saya wa Abban yara

Maigidana bahago ne, amma ba kowa ya sani ba. Da dama yake cin abinci, da dama yake miƙa hannu a gaisa, da dama yake rubutu, domin tun yana ƙarami a makarantar allo ta Sabon Zango malaminsu ya zare alƙalami daga hagunsa ya sa masa a dama, ya kuma zauna a haka. Zane ne kaɗai ya ƙi barin hagu. Ni ma sai bayan aurenmu na lura. In zai sa hannu a takarda, dama ce. In zai zana fure ko ya ƙawata harafi, sai fensir ya koma ɗaya hannun, shi kansa bai san ya canja ba.

Sana'arsa tsara zane a kwamfuta. Yana da ɗan shago a New Town ta birnin Akra, unguwar da tsofaffinmu har gobe suke kira Lagos Town, inda gidajen ɗab'i suke jere kana jin ƙarar injuna tun daga bakin titi. Katin gayyatar aure da na suna, banar Maulidi, fostar addu'ar arba'in, tambarin makarantun Islamiyya, kalanda, har takardar da mata suke liƙa wa a robar zoɓo da burkina, duk yana yi. Masu irin wannan aiki a layinsu ba su ƙirguwa. Abin da yake jawo masa mutane daga Nima da Mamobi da Fadama har Madina shi ne ba ya ɗauko rubutun Larabci da zayyana daga intanet kamar yadda da yawa suke yi. Da hannunsa yake zana su.

Ga yadda yake yi a da. Da dare bayan Isha'i zai zauna a tabarma da takarda da fensir da baƙar biro, ya zana abin da yake so da hagu. Da safe ya ɗauki hotonsa da waya, ya tura wa laftof, ya buɗe manhajar zane ta CorelDRAW, sannan ya kama maus da dama ya dinga bin layin ɗigo bayan ɗigo har ya zagaye. Abin da ya zana a minti ashirin sai ya ci masa awa biyu ko uku wajen bi. Kuma ko ya gama, layin ba ya fitowa da ran da yake da shi a takarda. Inda hannu ya danna ya yi kauri, inda ya sassauta ya sirance, duk maus ya daidaita su sun zama abu ɗaya. Ga wuyan hannunsa na dama da ya fara ciwo. Dare da yawa ni nake shafa masa man zafi in ɗaure masa da ƙyalle.

A watan Disamba na 2022 ɗiyar yayata ta zo mana hutu daga Kumasi, inda take karatun zane a jami'ar KNUST. Cikin jakarta akwai wani baƙin faifai siriri, da ɗan alƙalami na roba. Ta jona shi da laftof ɗinta tana rubutu a kansa, abin yana fitowa a fuskar kwamfutar, faifan kuwa ko alama babu. Na ce mata wannan wane irin allo ne da ba a wanke shi? Ta ce allon zane ne. Maigida ya shigo ya tarar da mu, ya tsaya a kanta, ta miƙa masa. Da hagu ya karɓa. Ya ja layi ɗaya, ya fara siriri kamar zare, ya yi kauri a tsakiya, ya sake sirancewa. Ya daɗe yana kallon layin nan. Ya tambayi kuɗinsa, ta faɗa masa, ya ajiye alƙalamin a hankali ya ce, "Allah Ya hore." Bai sake ɗaga maganar ba.

Duk wanda ya zauna a Ghana a shekarar nan ya san dalilin shirunsa. Sidi ya faɗi warwas a gaban dala, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a wannan watan, takarda da tawadar buga aiki sun tashi, ga kuɗin makarantar yara da na haya. Na san halinsa. Ko kuɗin sun zo hannunsa, gida za su shige, ba zai taɓa cire su ya saya wa kansa abin da zai kira jin daɗi ba. Ni kuma ina sayar da mayafai da atamfa, ranar Laraba a kasuwar Nima, sauran ranaku a gida da WhatsApp, kuma kwasar adashina za ta faɗo a ƙarshen Fabrairu. A daren nan na yanke shawara, ban gaya wa kowa ba sai yarinyar.

Da na fara duba abin a waya, raina ya tafi ga masu fuska, waɗanda kake zane kana ganinsa a ƙarƙashin bakin alƙalami kamar takarda. Akwai Cintiq na kamfanin Wacom, akwai Kamvas na Huion, akwai Artist na XP-Pen. Na ce in dai kyauta ce a yi ta mai kyau, ko da zan haɗa da uwar kuɗin mayafai. Na tura wa ɗiyar tawa hoton wani mai inci 13. Ta kira ni nan take.

"Anti, kada ki saya tukuna. Wace irin laftof ce da Baba? Waɗanne ƙofofi ne a jikinta? Teburinsa yana da fili? Sai kin samo min amsar waɗannan."

Ban san ko ɗaya ba. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci daga wannan kwamfutar, ban taɓa duba gefenta ba. Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata.

Sai na nemi yaron da yake koyon aiki a wurinsa. Ranar Juma'a na kai musu wace, wato shinkafa da wake, da rana, na jira maigida ya tafi alwala, na ce wa yaron ya rufa min asiri. Ya ce, "Anti, Masta ba zai ji daga bakina ba." Ya ɗauki hoton gefen laftof ɗin biyu da takardar da ke ƙasanta. Ni kuma na ciro tef ɗin awon yadi daga jakata na auna teburin. Da aka cire wurin laftof da firinta da tarin takardu, abin da ya rage bai kai inci 18 a faɗi ba. Yaron ya ƙara min da abin da ban tambaya ba, wanda shi ne ya kashe maganar: ƙofar HDMI ta laftof ɗin ta yi sako-sako, in sun jona babbar talabijin don nuna wa kwastoma aiki sai an tallafe wayar da littafi.

Yarinyar ta yi min bayani yadda zan gane. Allo mai fuska, fuska ce ta biyu ga kwamfuta, saboda haka yana bukatar hanyar da hoto zai bi ya je masa: ko HDMI haɗe da USB, ko kuma ƙofar USB-C irin wadda take fitar da hoto, wadda tsohuwar laftof ta hannu irin tasa ba ta da ita. Yana kuma shan wuta. In an ɗauke wutar lantarki, laftof ɗin da batirinta ya riga ya gaji ita ce za ta ɗauki nauyinsa, ko kuma aiki ya tsaya. Marar fuska kuwa waya ɗaya ce ta USB, wutar da yake ci kaɗan ce, babu gilashin da zai fashe, ƙurar hunturu kuma a goge ta da tsumma. Alƙalamin ma ba ya da batir. Allon ne yake aika masa ƙarfi ta hanyar maganaɗisu, shi kuma ya mayar da amsa cewa ga inda nake, ga yadda aka danna ni. Ko bai taɓa allon ba, in ya matso kamar santimita ɗaya, kibiyar kwamfuta tana binsa.

Na tambaye ta iPad, domin na ga masu zane da yawa da shi. Ta ce yana da daɗi ƙwarai, amma kuɗinsa da na alƙalaminsa, wanda daban ake sayarwa, sun ninka abin da nake da shi, kuma aikin Baba duk a kan Windows yake, gidajen ɗab'in da yake hulɗa da su fayil ɗin CorelDRAW ko PDF suke karɓa. Zai zama yana zane a wuri ɗaya yana ƙarasa aiki a wani wuri, wato wahalar da nake so in raba shi da ita.

Gaskiya na ji ba daɗi da na sauko daga mai fuska. Baƙin faifai kawai, ba haske, ba komai, ina ganin kamar bai kai kyauta ba. Na kwana biyu ina juya abin. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne tuna fuskarsa a ranar da ya ja layin nan. A kan marar fuska ya ja shi.

Saura girma da kamfani. A nan ma akwai ruɗani, domin kowane kwali da lambobinsa. Wacom na Japan shi ne tsohon hannu, tun 1983 yake, kuma masu sana'a suna yabon ƙarkon kayansa. Allonsa marar fuska mai suna Intuos, ƙaramin filin zanensa kusan inci 6 ne da 3.7, matsakaicin kuma inci 8.5 da 5.3, alƙalaminsa yana rarrabe nauyin hannu mataki 4096. Na Huion da XP-Pen, waɗanda ake ƙerawa a Sin, a lokacin da kuɗin da bai yi nisa da na ƙaramin Intuos ba sai ka sami mai inci 10 da 6.25, mataki 8192, kuma yana gane in an karkata alƙalami. Ni da na ga 8192 ya ninka 4096 sai na ɗauka kyansa ma ya ninka. Yarinyar ta ce a'a, hannun mutum da wuya ya ji bambanci tsakanin biyun, abin dubawa shi ne ko allon yana jin taɓawa mai sauƙi, da ko layi yana fita sumul in an ja shi a hankali.

Girman ni na yanke shi, ba ita ba, domin ni nake ganinsa yana zane kullum. Ba ya zane da yatsu kamar mai rubuta wasiƙa. Daga gwiwar hannu yake jan layi, wutsiyar harafi ɗaya takan ci rabin takarda. Ƙaramin allo zai takura shi. Na zaɓi mai inci 10, XP-Pen Deco 01 V2, wanda jikinsa gaba ɗaya kusan inci 14 ne a faɗi, zai zauna a filin da na auna har da ɗan saura. Abu ɗaya ya tsaya min: maɓallansa takwas duk a gefen hagu suke, an yi su ne don mai riƙe alƙalami da dama ya dinga latsa su da hagu. Ga bahago, hannunsa zai kwanta a kansu. Na kira Kumasi da dare hankalina a tashe. Ta ce kada in damu, ana juya allon ne maɓallan su koma dama, sannan a shiga manhajarsa a gaya mata an juya. Sai da ta nuna min wurin saitin a hoto na yarda.

Inda zan saya shi ne ya fi cin lokaci. Ina da ɗan'uwa a Amurka da zai iya sayowa da sauƙi, amma zuwansa sai Babbar Sallah, kuma in abin ya zo da matsala ba wanda zan mayar wa. A shafukan talla na intanet na sami mutum uku a Akra. Ɗaya ya ce in fara tura rabin kuɗi ta MoMo, wato ta waya, kafin ɗan babur ya taso. Ni 'yar kasuwa ce, ba na biyan kuɗin abin da idona bai gani ba. Na biyu ya gaya min farashi ranar Litinin, ranar Alhamis ya ƙara, ya ce dala ce. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka nake fama da masu kawo min atamfa. Na uku ya ce in zo shago.

Ranar Asabar ɗin farko ta Maris na ce wa maigida zan je saro kaya, na ɗauki yaron shagonsa da ya nemi izinin zuwa gaida mahaifiyarsa, muka hau trotro zuwa Circle. Wanda bai taɓa ratsa Tip Toe Lane da ke nan Circle ba, ba zai gane yawan waya da laftof da caja da ke canja hannu a wurin a yini ɗaya ba. Kowa yana jawo ka, kowa yana da abin da kake nema tun kafin ka faɗa. Amma allon zane ba waya ba ne. Shago biyar muka shiga, uku suka fito mana da tablet irin ta kallon bidiyo, ɗaya ya kawo allon rubutun yara mai gogewa da maɓalli.

Mutumin da muka yi waya da shi yana wani bene. Ya tarbe mu da fara'a, ya ɗauko kwali, ya ce sabo ne fil. Na lura ledar da ke jikin kwalin ba naɗin inji ba ce, an sake liƙe ta da salatif. Na ce a buɗe. Na ɗaga allon na karkata shi wajen hasken taga, kamar yadda nake duba leshi, sai ga zane-zanen ƙarce a tsakiya, daidai inda hannu ya fi aiki. Bakin alƙalamin ya ci ta gefe ɗaya. 'Yar ledar da ake zuba bakunan canji kuma ba ta cika ba.

Na ce, "Malam, wannan an yi aiki da shi."

Ya ce gwaji kawai aka yi a shago. Da ya ce min na hannu ne ya rage kuɗi, wataƙila da mun daidaita, domin na hannu ba haram ba ne, laftof ɗin da muke ci da ita ma ta hannu ce. Ƙaryar ce ta sa na mayar masa da kwalinsa. Muna saukowa ya biyo mu da ragi, ban waiwaya ba.

Wani mai gyaran laftof, Bahaushe ɗan Mamobi da ya ji muna magana, shi ya kwatanta mana shagon da ke sayar da kayan kwamfuta zalla, can gaba ta wajen Kokomlemle. Farashinsu ya ɗara na mai benen. Amma kwalin a rufe yake da hatiminsa, matar da ke wurin ta yarda a buɗe a gabana bayan na nuna kuɗi, ta kuma kawo laftof ɗin shago aka sa manhajar da ke haɗa allo da kwamfuta, wadda suke kira direba. Na ciro takardar da na rubuta abin da ɗiyata ta ce in gwada. Yaron ya ja layi daga taɓawa mai sauƙi zuwa dannawa, kaurin ya bi hannunsa. Ya ja wani a karkace sannu a hankali, bai yi rawa ba. Ya kai alƙalamin kusurwa huɗu, kibiya ta je ko'ina. Ya latsa maɓallan takwas da biyun da ke jikin alƙalami. Muka haɗa lambar da ke bayan allon da ta jikin kwali, suka zo ɗaya. Na ƙirga bakunan canji, na ga safar hannun nan mai rufe yatsu biyu da ake sa wa don kada gumi ya riƙe hannu. Na sa ta rubuta min rasit da lambar allon da sharaɗin garanti. Tsabar kuɗi na biya, domin a lokacin ana cire harajin E-Levy kashi ɗaya cikin ɗari in ka tura kuɗi ta waya. Adashina ya tafi kusan duka. A trotro na rungume jakar a ƙirji har Nima.

Na ɓoye shi ƙarƙashin atamfofi kwana goma sha biyu. Ina so in ba shi kafin azumi, wanda ya kama ƙarshen Maris a 2023, domin lokacin ne aiki yake yi masa yawa: banar tafsiri, jadawalin sahur da buɗa-baki, sannan katunan bukukuwan bayan Sallah. Tunanina shi ne ya shiga wannan cunkoso da sabon kayan aiki.

Da dare bayan yara sun yi barci na ajiye masa kwalin a kan tabarmarsa, bisa takardun zanensa. Ya fito daga wanka ya gani, ya tsaya. Ya ce, "Na wa ne?" Na ce, "Naka ne, Abban yara." Ya zauna, ya juya kwalin gaba da baya bai buɗe ba. Sai ya ce, "Adashinki?" Na ce e. Ya yi shiru har na fara tsoron faɗa zai yi. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Allah Ya saka miki da alheri, Ya ji ƙan mahaifanki." Ya sa min albarka mai tsawo, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da na nuna masa cewa ana juya shi don mai hagu, sai ya dube ni ya ce, "Har wannan kin duba?"

Kunna shi ya ci mana dare biyu da kiran bidiyo zuwa Kumasi. Da farko layi ya ƙi yin kauri da siranta a Photoshop, sai da aka kunna jin nauyin hannu a saitin burushi, aka kuma daidaita wani zaɓi da ake kira Windows Ink. Sannan ya zana da'ira ta fito kamar ƙwai. Dalilin shi ne fuskar laftof ɗinsa awonta 16 da 9 ne, filin allon kuma 16 da 10, saboda haka in ba a umarci manhajar ta daidaita su ba, sai ta ɗan matse zanen ta tsaye. Da aka gyara, da'ira ta zama da'ira.

Na ɗauka an gama. Ashe a lokacin da na zaɓa na yi kuskure.

Maus da alƙalami ba hanyarsu ɗaya ba. Maus kana iya ɗaga shi ka mayar baya ka ci gaba daga inda kibiya take. Allo kuwa kowane wuri a kansa yana da takwaransa a fuska: ka sa alƙalami a kusurwar sama, kibiya ta yi tsalle can. Ga shi ido yana kallon gaba, hannu yana aiki a ƙasa, alhali shi tun yana yaro idonsa a kan bakin fensir yake. Mutumin da ya shekara goma sha biyar da maus sai ya koma kamar ɗan koyo. Ga azumi a baki, ga kwastoma a tsaye a kansa yana jiran banar da za a rataya a masallaci kafin La'asar. Ranar goma ga azumi na kai musu kunu da ƙosai na buɗa-baki, na tarar da allon a cikin kwalinsa a saman kanta, ƙura ta fara hawa. Maus yana hannunsa na dama, ƙyallen nan a ɗaure.

Ban ce komai ba, amma a hanya na yi hawaye. Na yi ta lissafin mayafai nawa kuɗin nan za su saro ana gab da Sallah, lokacin da kasuwata ta fi tafiya. Na zargi kaina cewa da mai fuskar na saya da bai ajiye ba. Na kira yarinyar, ta ce kusan kowa haka yake fara wa, ita ma sai da ta yi mako biyu kafin hannunta ya saba, kuma ba a koyonsa ana sauri.

Shi ya fara ɗaga maganar, a daren ashirin da bakwai bayan mun dawo daga masallaci. Ya ce, "Na ga kin ga kwalin ran nan. Kada ki ɗauka raina shi na yi. Kunya nake ji in yi ta lalube a gaban yarona da mutane. Ki bar ni Sallah ta wuce." Na ce, "Maigida, ka dawo da shi gida. A nan ba mai kallonka sai ni."

Haka aka yi. Bayan Sallah kullum yana dawowa da laftof da allon. Ya ba ni maus ya ce in ɓoye daga Magariba zuwa safe, kada in ba shi ko ya roƙa. Komai da alƙalami yake yi, buɗe fayil, rufe shi, jan hoto. Sannan ya koma babbaƙu kamar yaron da aka kai makaranta jiya: alif, ba, ta, layi bayan layi, ya cika fuskar ya goge ya sake. Ƙaramar 'yarmu takan ɗauko allonta na katako ta zauna gefensa, ita tana bitar karatunta, shi yana nasa. Wajen kwana goma ya daina leƙen hannunsa. Wajen mako uku ya mayar da shi shago, ya sa shi a filin da na auna.

Yadda yake aiki yanzu ban taɓa tsammani ba. Bai bar maus ba, kuma ya ce ba zai bari ba, domin jera rubutu da daidaita gefe da awon kati maus ya fi saurin yi. Maus yana dama, alƙalami yana hagu, kowanne da aikinsa. Zayyana da haruffa da cire bayan hoto, wato raba mutum da bangon da ke bayansa har gashin gemu da bakin mayafi, duk sun koma hagu. Hannun dama ya sami hutu, na daɗe ban nemi man zafi ba. Wata ƙawata da mijinta yake irin wannan sana'a ta tambaye ni ko ta saya masa. Na ce ta fara zama a shagonsa yini ɗaya ta ga abin da yake yi. In haɗa hoto da rubutu ne kawai, ta ƙara masa ƙwaƙwalwar kwamfuta ko ta saya masa kujera mai kyau, zai fi gode mata. In kuma yana zane da hannu, ta saya, amma ta ba shi lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Aikin farko da ya gama da allon daga fari har ƙarshe bai gaya min yana yi ba. Wata Laraba ina shirin fita kasuwa ya miƙo min ƙunshin ƙananan takardu masu gam, ɗari biyu. Tambari ne na sana'ata, sunana da rubutun ajami, wutsiyar harafin ƙarshe ta zagayo ta zama dagi, ta fara siririya ta yi kauri ta sake sirancewa. Tun ranar kowace leda da ta fita daga hannuna da shi a jiki.

Bakunan canjin ni nake ajiye su, a gwangwanin allura da zare, domin a shago ɓata za su yi. Wajen watan Agusta ya dawo gida da alƙalamin a aljihun riga, ya nuna min bakin ya cinye ta gefe har ya fara ƙarzar allo. Na buɗe gwangwanin na ba shi ɗaya, ya cire tsohon da ɗan zoben ƙarfen da ya zo da shi, ya tura sabon ya zauna. Tsohon kuma ya sa min a tafin hannu, na jefa shi cikin gwangwanin tare da sauran bakwai.